Ranar da Muka Yi wa Iya Amshi

Zabiyoyi kam na gan su a Zongo har na gaji da gani. Akwai wata doguwa da ta zo daga Najeriya, murya kamar sarewa. Ta yi tashe damina kaɗan, sai wani mai safarar atamfa ya aure ta, ko tarinta ba mu ƙara ji ba. Akwai mai zambo, wadda in ta buɗe baki mata har faɗuwa suke don dariya, amma kowace tana tsoron ranar da za a zo kanta, a hankali aka daina kiranta. Wadda ta daɗe ita ce Iya. Haka duk Zongo ke ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ita ta yi waƙa ranar da aka kai ni ɗaki, kuma tun lokacin da furfurarta.

Muryarta ba ta kai ta doguwar nan zaƙi ba, ba zan ɓoye ba. Yadda take aiki ne ya riƙe ta. Kafin biki sai ta zo gidan, ta zauna wajen masu girki tana tsince shinkafa kamar 'yar gida, tana tambaya: wa ta rasa ɗa bana, wa da wa ba sa magana, uwar wa ce daga Kandi, ta wa daga Sakkwato. Ranar biki ta zauna kan tabarma, ƙwarya a kife gabanta, ta kira kowace mace da uwarta da kakarta, ba ta taɓa fama wa kowa ciwo ba. In ta jefa baiti, 'yan amshinta su cafe, ita kuma ta ja numfashi kafin su dire. Da haka take kai la'asar tun daga hantsi.

Sai juyin juya hali ya zo, kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, har mai kwasar shara. Kwamitin unguwa ya ce ana son mata masu murya don defile, faretin gwamnati ke nan. Aka ɗinka musu anko, ana kwasarsu a mota zuwa wani fili wajen Houéyiho suna koyon sababbin waƙoƙi. 'Yan amshin Iya duk suka tafi. Ban ga laifinsu ba. A zamanin nan in delege, wakilin gwamnati a unguwa, ya aiko, ba ka cewa kana da biki. Ita ma an kira ta, ta ce gwiwarta ba ta tsayuwar rana, a zaune ta iya waƙa. Daga nan ta koma unguwar Ladji wajen 'yarta, aka daina ganinta.

Da autata ta haihu, na ce sunan jikan nan Iya ce za ta yi. Autar ta ɓata fuska, ita mai sifika take so, irin ta yayi. Na ce, "In kin yi jika ki kira mai sifika. Wannan nawa ne."

Na ɗauki goro na hau taksi zuwa Sainte-Rita, daga nan na taka. Damina ce, ruwa ya ci Ladji, sai da na naɗe zane har gwiwa. Na tarar da ita zaune kan benci, ƙafafunta a kan bulo. Kusa da ita ga babbar ƙwaryar nan mai ɗinki a baki, wadda aka kaɗa a aurena, an jiƙa gari a cikinta.

"Iya! Gari? A wannan?"

"To ta zauna a banza? Ƙwarya ce, 'yar nan, ba surukata ba."

Na ajiye goro na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dube ni ta ce:

"Wa zai amsa mini? Numfashina ba ya kai baiti biyu a jere. In na jefa ba a cafe ba, a gaban matan Zongo zan tsaya ina haki kamar akuyar da aka koro. Gara su tuna ni yadda suka san ni."

"Mu za mu amsa."

"Ku wa?"

"Ni, da mai masa, da mai goron bakin masallaci, da ƙanwar mijina. Wace waƙa taki ce ba mu sani ba? Da ita muka yi goyo."

Ta yi dariya har ta yi tari. Sannan ta ce za ta zo, amma in ji da kyau: in ta jefa aka yi shiru, a nan za ta kife hannu, ba za ta sake zama gaban ƙwarya ba har ta mutu. Na juye garin a wani kwano da hannuna, na wanke ƙwaryar, na ɗoro ta a ka har Zongo.

Ranar suna gida ya cika. Kamar yadda ake buɗe kowane taro a lokacin, delege ya leƙo ya ɗaga hannu ya yi kirarin juyin juya hali, muka amsa masa, masu girki suka ɗaga ludaya, ya karɓi masarsa ya tafi. Can bakin zaure na hango biyu daga tsofaffin 'yan amshin Iya, sun biyo daga defile da ankonsu, sun raɓe suna jin kunyar shigowa.

Iya ta taɓa ƙwarya. Muka jeru a bayanta muna ƙyalli kamar amare. Baitin farko muka cafe, na biyu ma haka, ina jin kaina har sama. Sai ta kira uwar mai masa, wadda ta zo Zongo a ƙafa da goyo. Mai masa ta yi guɗa ta miƙe ta faɗa fili. Mai goro ta bi ta da liƙi. Sai ta kira tawa uwar. Wallahi ban san lokacin da na tashi ba. Tunda muke, in Iya ta kira ki, tashi ake yi, ƙafa ce ke amsawa. Ina tsakiyar fili ina juyi na ji ta jefa baiti, kuma babu kowa a bayanta sai ƙanwar mijina tana kuka cikin mayafi.

Ta sake jefawa. Shiru. Na ga ƙirjinta yana hawa yana sauka, na ga ta ɗaga tafin hannu za ta kife shi kan ƙwaryar. Na buɗe baki, amshin ya gudu daga kaina.

Daga bakin zaure amshin ya fito. Ƙaramar cikin biyun nan masu anko ce, wadda Iya ta koya wa waƙa tun ba ta iya ɗaura zane ba. Daga baya ta ce mini ba ta yi niyya ba, bakinta ne ya ƙi barin wurin a buɗe. Ta biyun ta ɗora. Suka ratso mutane suna amsawa, suka durƙusa a bayanta da ankon gwamnati. Iya ba ta ko waiwaya ba. Hannun da ta ɗaga, da shi ta ci gaba da kiɗa.

Daga ranar suka dinga raba ƙafa: in akwai defile su je, in akwai biki su zo. Aka wayi gari babu defile, babu kamarad, ankon ya koma zanen wanka, Iya tana nan tana waƙa. Jikan da aka raɗa wa suna ranar nan, a kunnensa ta yi waƙarta ta ƙarshe, yana saurayi.

Da yamma ta yi a ranar sunan nan, na kai mata ruwan citta da zuma, ina jira ta yaba mini. Ta kurɓa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke da kika ce da waƙata kika yi goyo?"

"Iya, ai ke kika kira uwata."

"To gobe akwai suna bayan kasuwa. Ki zo ki ɗauko mini ƙwarya, kanki ya iya ɗauka. Amma kada in ƙara ganinki a bayana."