Ƙaramar tukunyar iska da Yaya Bashir

Ina sauka cikin ruwan teku a gaɓar Shu'aiba ranar Asabar sai na ji na karkace dama, kamar mota mai faci. In miƙe, in sake karkacewa. Yaya Bashir yana gefena, ya yi mini alama mu hau sama.

Mun daɗe muna barin unguwarmu Aziziyya mu je nutso a Bahar Maliya, ni da shi. Amma ranar na fara ɗaura ƙaramar tukunyar iska ta ko-ta-kwana a gefen babbar da nake goyawa ina shaƙa a ƙarƙashin ruwa. Ita ce take rinjayata.

Da muka fito na ce, "Yaya, bari in cire ɗaya daga cikin darmar nutso da ke ɗamarata, nauyi ya yi yawa."

Ya ce, "La, kar ka cire. Mayar da darmar hagu ta daidaita ka. Ranar da iskar wani ta ƙare ka miƙa masa tukunyar nan, nauyinta ya tafi. In ka rage darma, sama za ka yi ba birki."

Na ce, "Wani wa? Ai don kaina na saya."

Ya yi murmushi yana gyara mini ɗamara. "Mu nawa muke sauka, ya akhuya, ɗan'uwana?"

Na mayar da darmar hagu. Muka koma cikin ruwa, na kwanta sambal a kan murjani, yana dab da kafaɗata.

Wallahi ban taɓa tunanin numfashin yayana nake goyo ba. Ku fa, wa kuke riƙe wa ko-ta-kwana?