Rilwanu Bahago Ya Ƙi Sayarwa

Shekara ashirin da shida Malam Rilwanu Bahago ya yi yana hawan turakun wayar tarho a Zariya. Mutumin unguwar Limancin Kona ne, gajere kakkaura, ba ya son doguwar magana. Da wayar hannu ta shigo, ya ce yayi ne, zai wuce. Ashe aikinsa ne zai wuce. Aka sallame su, ya dawo zauren gidansu yana gyaran rediyo da fanka.

Wannan kuskuren ya daɗe yana damun sa. Shi ya sa da 'yarsa Khairat, mai aikin banki a Kaduna, ta nuna masa yadda ake sayen hannun jari ta waya, bai yi gardama ba. Ya tambayi malamai, suka ce irin wanda yake nufi ba laifi. Ya sayar da 'yar gonarsa ta bayan Kufena, ya zuba kuɗin a kamfanonin fasaha biyu. Ɗaya na raba na'urar cirar kuɗi ta POS, ɗayan kuma wai zai riƙa kai wa mutane cefane har gida. Amininsa Alhaji Ƙasimu, dillalin fata, ya bi sahunsa.

Wata takwas farashi na hawa, sai kasuwa ta karye. Cikin mako uku jarinsa ya zube ƙasa da rabi. Alhaji Ƙasimu ya sayar da nasa a kan asara, ya zo zaure ko zama bai yi ba.

"Malam, kai ka kai ni ka baro ni. Ka sayar tun kana da abin sayarwa."

"Alhaji, na ji. Amma kamfanin ne ya mutu, ko mutane ne suka tsorata?"

"Oho! Ni dai na fita."

Kwana biyu Rilwanu bai ci abincin kirki ba. Ya kira Khairat, ta ce, "Baba, ko masanan ma sun rabu biyu. Wasu sun ce lokacin saye ne, wasu sun ce faɗuwar ba ta ƙare ba."

"To, bari in je in gani da idona," in ji shi.

Washegari ya rufe zaure ya fita a ƙafa. Daga Ƙofar Jatau ya fara, yana tsayawa wurin duk mai POS da ke zaune ƙarƙashin lema. Na'urar wane kamfani ce wannan? Ciniki ya ragu? In ta lalace, wa ke zuwa gyara? Wata mai sayar da atamfa, Hajiya Barira, ta nuna masa na'urarta, ta kamfanin da ya zuba wa kuɗi, ta ce masa, "Malam, ranar da wannan abin ya tsaya, shagona ma ya tsaya." Kamfanin cefane kuwa, mako biyu yana tambaya bai sami ko mutum ɗaya da aka taɓa kai wa tumatir ba.

Ya dawo ya sayar da hannun jarin kamfanin cefanen. Asarar ta yi masa zafi, bai kuma ɓoye wa matarsa Talatu ba. Abin da ya saura ya ƙara a kamfanin na'ura.

"Yanzu in wannan ma ya faɗi fa?" ta tambaye shi.

"Sai mu ce Allah ya ƙaddara. Amma ba zan gudu don na ga ana gudu ba."

Shekara guda ke nan. Farashin ya ɗan farfaɗo, bai dai kai inda ya saya ba. Alhaji Ƙasimu ya dawo zama a zaure, sai dai ba sa taɓo zancen. Rahoton kamfanin na shekara ya fito, shafi tamanin da Turanci. Rilwanu ya sa an buga masa a takarda, yana karanta shafi uku kullum bayan sallar La'asar, da ƙamus a gefe. Ya kai shafi na talatin da ɗaya.