Maiƙon da Ido Ba Ya Gani

Ina karin kumallo ranar Talata direban motar Gwaram ya yi sallama, ya ce Malam Habu na ɗakin gwajin jini ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ture kwanon koko, ko ciwon ajalinsa na kasa tambaya.

Shekara goma sha huɗu muka yi tare a wani ƙaramin asibiti. Aikinmu mu shafa ɗigon jini a kan ɗan gilashi, mu rina shi, mu nemi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. An sha ce masa mai girman kai, don in yana wankin gilashi ko hakimi ne ba ya miƙa masa hannu. Yakan ɗiga ruwa a kan gilashin: in ya baje, gilashi ya wanku, in ya dunƙule, a sake wanki. "Maiƙon yatsa kwanciya yake a kan gilashi," in ji shi. "Ido ba ya ganinsa, amma jini ya san da shi." Da gwamnati ta samu kuɗin fetur ta kawo mana sabon madubin likita na duba jini muna ta murna, cewa ya yi, "Madubi ba ya wanke gilashi."

Wata damina aka kawo yarinya daga Sundimina, jikinta zafi zau. Na taso daga cin tuwo da man shanu, na goge gilashi da bakin rigata, na shafa jinin. Wajen rini jinin ya ƙi kamawa, ya bi ruwa. Na duba ɗan abin da ya rage, na rubuta babu ƙwayar zazzaɓi. Aka sallame su. Kwana biyu tsakani ta rasu.

Da likita ya titsiye mu, Malam Habu ya ce, "Ɗakina ne, laifina ne." Matata na da tsohon ciki, tsoron kora ya kama ni, na yi gum. Aka hana shi ƙarin girma har ya bar aiki, ya koma Gwaram. Bai taɓa tayar min da zancen ba. Ni kuwa kullum gobe zan je Gwaram in nemi gafararsa, har goben ta ƙare.

Inna Hajara, ke da 'ya'yanki kun daɗe kuna jin ana cewa sakacin mijinki ya kashe 'yar mutane. Wallahi ba shi ba ne, ni ne. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi. Allah ya jiƙan yarinyar nan. Ni kuma wanda zan roƙa yana ƙasa, saura ku. Ku yafe mini, in za ku iya.