Zoben Gwangwani Na Uku

Ranar wata Asabar ce cikin azumin shekarar 1985, rana ta take tsaka, ina zaune dirshan a ƙofar gidanmu a Maraɗi, na rungume tayar mota kamar mai rungumar tulu. Shekarata goma sha ɗaya. An ɗaga bayan motar an tokare da duwatsu, Baba yana kwance a ƙarƙashinta, kunnensa manne da aksil, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, leɓɓansa sun bushe sun yi fari. "Jawo, Uwata. To, tura. Sake jawowa." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Ina jawowa ina turawa, tayar tana amsawa ƙwas, ƙwas, ni kuwa ban da ƙishirwa babu abin da ke raina.

Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai rufin tamfol, irin wadda muke ce wa bashe. Ta girme ni, ta girmi yayyena biyu, kuma ita ke ci da mu. A shekarun daɗi Baba yakan yi sammako zuwa Jiratawa ya ɗauko tumatir da albasa ya kawo kasuwa, ranar kasuwar Tsibiri kuma ya cika ta da mutane da awaki har tana nishi. Sai damina ta gaza, gero ya bushe a tsaye tun bai kai gwiwa ba. Lodi ya yanke, karen motarsa ya tafi ci-rani bai waiwayo ba, gidanmu kuwa duk mata ne, ni ce aka ga ƙashina ya fi ƙwari. Furar Inna ta koma ruwa zalla, surfen da muke yi mu uku ya zama aikin mutum ɗaya. A lakwal ma, wato makaranta, mun daina gaɗa, in an fito shan iska sai mu zube a gindin bishiyar bedi mu yi carafke, don shi a zaune ake yinsa. Ga iyaka a rufe, kayan gyaran da ake kawowa daga Katsina sun ɓace, musamman rulma, wanda mutanen can ke kira boris.

Ana cikin haka aka ji jar dawar taimako ta iso, ana neman ƙananan motoci su kai ta ƙauyukan bayan Tsibiri, kuma ladan direba buhu ne, ba kuɗi ba. Buhu guda a lokacin ya isa ya kai mu salla har da rara. Sai dai ranar Litinin za a duba motocin a mangaza, wato siton da aka tara dawar, kuma direbobin da suka riga zuwa sun ce akwai wani soja da ke kama kowace taya ya girgiza, wadda ta motsa ko yaya ne sai ya ɗaga hannu a fita da ita. Zamanin soja ne, ba a yi wa mai kaki bayani.

Ciwon motarmu shi ne sandar aksil ɗin baya tana shiga tana fita fiye da ƙima. Baba ya ce dole ne a bar mata ɗan wasa, "kamar kaurin takardar lakwal ɗinki," domin ƙarfe in ya ɗauki zafi kumbura yake yi. In wasan ya yi yawa ta ci kanta a hankali, in babu shi sam rulma ya ƙone. Maganin shi ne siraran zobban ƙarfe da ake sawa tsakanin murfi da bayan rulman, su kuma ko na magani babu a gari. Don haka muka koma kan gwangwanayen tumatir na Inna. Ni ke wanke su da toka, in farke, in daddale da taɓarya a kan dutse, Baba ya zana da ƙusa, in yanka da almakashin ɗinkinta tana mita daga madafi, wai mun rasa abin kashewa sai almakashinta. Kowane zobe sai an cire taya, an cire tambur ɗin birki, an kwance ƙusoshi, an mayar, sannan a gwada. Hannuwana suka yi kaca-kaca da giris da ƙananan yanka, Baba kuwa in ya ɗaure ƙusa biyu sai ya tsaya ya huta.

Sai la'asar ɗin Lahadi muka sa zobe na biyu. Na jawo, na tura, ƙarar ta tafi, sai wani ɗan motsi da tafin hannu kaɗai ke ji. Baba ya fito ya gwada da kansa ya ce, "Wanga shi na daidai." Na yi zaton mun gama. Amma ya jingina da bango yana kallon tayar, sannan ya ce in yanko wani. Da muka sa na uku, na girgiza da duk ƙarfina, ko gezau. Na washe baki na ce, "Baba, ba ta motsi ko kaɗan!" Bai yi dariya ba. Ya dubi Inna da ke bakin zaure ya ce, "Su duba kawai, in dawo gida in hidda shi, kana in ɗau kaya."

Motar ta ci jarrabawa. Abin da Baba bai lissafa ba shi ne ba za a bar kowa ya koma gida ba. Nan take aka shiga lodi, aka ɗora masa buhuna har tamfol ya ɗaga, aka zaunar da soja a gefensa. Ya zai ce a ba shi awa biyu ya je ya kwance abin da ya ɗaure don a gani? Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ya tuƙa a hankali yana addu'a, ya wuce Tsibiri lafiya, ya shiga yashi. Bai yi nisa ba tayar baya ta fara hayaƙi, daga nan ta kafe. Aka kwashe dawar zuwa wata mota, aka soke sunansa, washegari wani abokinsa ya jawo mana bashe da igiya.

Na yi kuka har na gaji, don na ɗauka yankana ne ya karkace. Baba ya ce, "Yankanki ba shi da aibi. Ni na ce ki ƙara." Bai sake ɗaga maganar ba. Motar ta koma kan duwatsu, muka riƙa cin ta gaɓa-gaɓa: batir ya tafi ya dawo a tiyar gero, sai tayoyi, sai tamfol, sai injin. Da haka muka ga damina, ba mu rasa kowa ba, alhamdu lillahi. Amma Baba bai ƙara mallakar mota ba, motocin mutane ya yi ta ja har ƙarfinsa ya ƙare.

Yau Maraɗi ta cika da kabu-kabu, shagunan kayan gyara kuwa sun yi layi a bakin titi. Kwanan baya motar ɗana ta yi irin wannan ciwo, bakanike ya aika aka sayo sabon rulma, kafin mu gama gaisawa da mutanen garejin an mayar da taya. Ɗana yana ta murnar an yi sauri, ni kuwa sai na ji wata tsohuwar gajiya ta sauko mini, na nemi benci na zauna. Ina kewar Baba, mutumin nan da yake jin lafiyar ƙarfe da tafin hannunsa. Da rashin sani ne ya kashe motar nan, da tuni na huce.