Shari'ar Kududdufin Kwaɗi

Alhaji Umaru mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf. Daga Gusau ya zo Amurka karatun haɗa magunguna, aiki ya riƙe shi, har ya sayi gida a Bowie, kusa da wani ɗan kurmi mai kududdufin kwaɗi.

A shekarar 2009 hukuma ta ce za ta share kurmin ta yi filin ƙwallo. Umaru ya yi murna, don duk Lahadi sai shi da abokansa sun sha tuƙi kafin su sami wurin wasa.

Ana nan sai maƙwabciyarsa Irene, tsohuwar malamar makaranta, ta zo masa da labari. Ita da wasu 'yan unguwa sun kai hukumar kotu. Ta ce masu binciken illar aikin ga muhalli sun zo cikin Agusta, lokacin zafi a can, kududdufin ya ƙafe, suka rubuta cewa babu ruwa a wurin.

"Yanzu saboda kwaɗi za ku kai gwamnati ƙara?" in ji Umaru.

"Saboda su," ta ce.

Ya ƙi shiga cikinsu, amma ranar zaman farko shi ya ɗauke ta a mota. Matarsa Furera ta ce, "Alhaji, kai da ke son filin, me ya kai ka?"

"So nake in ga yadda ake tsaya wa kwaɗo a gaban alƙali."

Abin mamaki, da ƙyar aka ambaci kwaɗo. Lauyoyi suka wuni suna gardama kan watan da ya dace a duba ƙasa. Wannan ya tsaya masa a rai. Da Maris ya zo ya sa takalmin roba ya bi Irene zuwa kududdufin. Ga ruwa har gwiwa, ga ƙwan kwaɗi dunƙule-dunƙule manne da rassa. Ya tsuguna yana ta tambaya har ya makara aiki.

Alƙali ya ce a sake binciken. Aka ɗau shekaru kafin a yi filin, ƙarami, can kan tudu, aka bar kududdufin. Lokacin gwiwar Umaru ta daina ɗaukar gudu, sai ya koma alƙalin wasa, yana hura usur yana mitar filin ya yi kaɗan.

Irene ta koma wurin 'yarta a Ohio. Da sanyi ya ja baya takan bugo waya ta tambaya ko ruwa ya taru, shi kuma ya ce ta ba shi zuwa la'asar, zai je ya dubo.