Ranar da Inna Ta Rufe Tagar Jirgi

Wata Talata ce a bazarar da nake aji biyu na firamare, mangwaro ya cika kasuwa, muka hau jirgin ƙasa a tashar Funtua za mu Gusau suna. Tun da sassafe na share tsakar gida, na cika randa, na kai wa awaki dusa, duk don kada a ce a bar ni gida. Inna, mahaifiyarmu ke nan, tana goye da ƙanwata Nana, 'yar wata biyar.

A gidanmu ba abin da ake jiye wa jariri kamar iska. Ko manya na zufa, shi sai an sa masa hula da safa da rigar sanyi. To, jirgi na tashi iska ta fara kaɗowa, sai Inna ta rufe tagarmu, ta ƙara wa Nana tawul. Ni dai haushi na ji, an raba ni da kallon bishiyoyin ɗorawa.

Wajen azahar jirgin ya tsaya cak a daji. Tarago ya ɗau zafi kamar tanda, kujera ma ba ta zaunuwa. Nana ta yi kuka har ta daina, ta ƙi nono, wuyanta ya langaɓe. Inna ta sa salati tana ƙara lulluɓe ta. Sai wata dattijuwa da ke gefenmu ta fizge ta, ta ce, “Ke baiwar Allah, 'ya ce wannan ko daddawa kike rufewa ta nuna?” Ta tuɓe ta tsaf, ta wangale taga, ta jiƙa mayafinta da ruwan buta tana shafa mata, maza na fifita da huluna. Can sai Nana ta callara kuka, tarago ya ɗauki hamdala.

Makon jiya na shiga sabon jirgi mai na'urar sanyi da nawa jaririn. Na'urar ta mutu a hanya, tagogin kuwa gilashi ne a manne, ba sa buɗuwa. Jikinsa ya saki a hannuna, na kasa ko ihu. Ban ankara ba sai matan da ban taɓa gani ba suka kewaye ni, wata ta karɓe shi tana cewa, “Kwantar da hankalinki ƙanwata, namu ne.” Ba su koma kujerunsu ba sai da ya kama nono.

Ina kewar jirginmu na da, mai shan iskar Allah. Amma mutanen cikinsa, alhamdu lillahi, ba su ƙare ba.