Tsohon Marini a Kasuwar Tarka

Ran kasuwar Tarka, Tata mai sayar da cuku tana zaune gindin aduwa, idonta na kan wani baƙon tsoho. Dogo ne siriri, hannuwansa sun rine da shuni har gwiwa. Tukunya ɗaya ce ta ruwan baba na rini a gabansa, ga yara sun kewaye shi, kowa riƙe da 'yar taguwarsa.

Yana nuna musu yadda ake sa tsakuwa cikin ƙyalle a naɗe da zare.

"Ja da ƙarfi, jikata," in ji shi ga ƙaramarsu. "Inda kika ɗaure, nan ne fari zai tsira."

Tata tana jin hannun nan ya san manyan marina. Wataƙila a Damagaram ya yi rini, zamanin da ayari ke ratsa Damargu ɗauke da turkuɗi, kafin Nasara su zo hanyar ta mutu. Turkuɗin nan shi ne irin rawanin da mahaifinta ke naɗawa, mai barin shuni a goshi.

An tsoma taguwar yarinyar a tukunyar an fitar, an kwance zaren, fararen taurari sun fito jikin taguwar. Yarinyar ta sa ta da danshinta, ta ruga nuna wa uwarta. Tsohon kuwa ya sunkuya kan tukunyar, ya lumshe ido, yana shaƙar warin baba kamar mai jin ƙanshin gidansu.